Jiya na koma World of Warcraft, na tarar da gari ba kowa

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, yau ba maganar taki ko gyaran famfon makaranta na zo da ita ba. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun daren jiya, kuma na san akwai masu buga gem a cikinmu, ko da ba irin nawa ba ne.

Waɗanda suka san ni tun ina karatu a Masar sun san ni da World of Warcraft. A 2009 na fara, wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya ya koya mini. Ga wanda bai san shi ba, wasan kwamfuta ne da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba 2004. Duniya ce guda, da birane da dazuzzuka da kasuwanni, dubban mutane a ciki lokaci ɗaya, kuma duk wata sai ka biya kafin a buɗe maka ƙofa. Shekara biyu rabona da shi saboda hidimar gida. Makon jiya na kai laftof Dutse aka sauke mini sabbin abubuwan da suka ƙara, na daure na biya wata ɗaya, jiya na bar ta a sola tun hantsi, bayan isha'i na shiga.

Jerin 'yan ƙungiyarmu na fara buɗewa. Wasan yana rubuta wa kowa rabonsa da shiga a gefen sunansa. Wannan shekara uku, wannan biyar, wancan bakwai. Na yi ta gangarawa har ƙasa, sunana kaɗai ke haske. Daga nan na je Dalaran, wani birnin cikin wasan da a 2010 in ka shiga sai kwamfutarka ta riƙa sarƙewa saboda cinkoso. Na tsaya a bakin banki kusan minti goma, mutum biyu suka wuce, babu wanda ya amsa sallamata.

A watan Oktoba 2010 kamfanin ya sanar da cewa masu biya sun kai miliyan 12. A ƙarshen 2015 sun koma miliyan 5.5, daga nan ma ya daina faɗin adadi. Ni dai ra'ayina, ba kuɗi ne ya kore su ba, ba kuma tsufan wasan ba. An gyara shi ne har ya zama ba ka buƙatar kowa, to da mutane suka daina buƙatar juna sai suka daina zuwa. Ina son jin ta bakinku.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni fa tun da ka ce duk wata sai an biya na gane matsalar. Wa zai biya kuɗin shiga bayan kuɗin data? Mu Free Fire muke bugawa, kyauta ne, ƙaramar waya ma tana ɗauka, minti goma zuwa sha biyar an gama zagaye.

Mai Caji:
Malam, barka da dare. Auta ya riga ni. Ni zan yi magana da abin da idona yake gani. Ranar Lahadi in na kafa tebur a kasuwar Gujungu, wayoyi ne jere har ba wurin sa hannu, kuma in samari suka zo karɓa ina ganin abin da suke buɗewa: Free Fire, Call of Duty na waya, ƙwallon eFootball, sai Ludo. Tunda na fara sana'ar nan ba a taɓa kawo mini laftof don gem ba sai taka.

Kuma tunda lissafi kake koyarwa, mu yi lissafin. Dala 15 ne a wata, ko ba haka ba? Lokacin da dala take wajen naira 150, kuɗin bai wuce 2,250 ba, mafi ƙarancin albashi kuwa 18,000. Da dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin ya wuce 22,000, albashin kuma 70,000. Abin da yake kashi ɗaya cikin takwas ya koma kusan ɗaya cikin uku. Ga man janareta tun da aka cire tallafi a 2023, ga kuɗin data da aka ƙara a 2025. Malam, ko mutum yana son zumunci, aljihu ne zai ba shi izini.

Ɗan Haɗeja:
Mai Caji, lissafinka daidai ne, amma namu ne na nan gida. Miliyoyin da suka fita ba 'yan Najeriya ba ne, mu nawa ne ma a ciki tun asali? A Amurka farashin nan na dala 14.99 tun 2004 bai motsa ba. Ga Ba'amurke, wasan araha ma ya ƙara yi.

Shi kuma abokina Malam, akwai abu biyu da zan gyara maka. Na farko, Dalaran da ka je tsohuwar kasuwa ce. Kusan duk sabon babin wasan da suka fitar yana zuwa da sabon birni, jama'a su kwashe su koma can. Ka je filin kasuwa ranar da ba ta ci, ka ce gari ya watse? Na biyu, adadin bai sauka a miƙe ba. Bayan miliyan 12 ya dawo wajen 10 a ƙarshen 2011, ya kai 7.7 a tsakiyar 2013, ya kai 6.8 a tsakiyar 2014. Da aka fitar da babin Warlords of Draenor a watan Nuwamba 2014 sai ya sake haura miliyan 10. Cikin wata ukun farkon 2015 ya faɗo 7.1, bayan wasu ukun ya koma 5.6. Ka ga mutane suna dawowa in an ba su sabon abu, su cinye shi, su tafi. A wancan babin an bar su wata da watanni ba sabon abin kirki, shi ya sa faɗuwar ta yi muni.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne Sin. A waɗancan shekarun ɗan Sin ba wata yake biya ba, katin awoyi yake saya, kuma in ya shiga cikin kwana 30 ana ƙirga shi. Kamfanin da kansa ya ce mafi yawan raguwar farkon 2013 daga Gabas take.

Malamin Lissafi:
Na karɓi gyaran Dalaran, ka yi gaskiya. Na je sabon birnin daga baya, akwai jama'a. Amma jerin ƙungiyarmu fa? Wannan ba tsohuwar kasuwa ba ce.

Kuma alƙaluman da ka kawo, ni gani nake suna goyon bayana. Me ya sa mutum miliyan huɗu da ɗoriya za su iya tafiya cikin wata shida? Don ba abin da ya ɗaure su. A da ko wasan ya gundure ka ba ka iya tafiya, don ranar Laraba mutum 24 suna jiranka.

Bari in ba ku labarin yadda abin yake. Manyan dodannin wasan mutum ɗaya ba ya iya kashe su. A farkon wasan mutum 40 ake tarawa, a zamaninmu 25 ko 10. Gayya ce sosai. Akwai masu garkuwa da ke tare dodo, akwai masu sara, akwai masu magani da ke warkar da waɗanda aka raunata. Ni mai magani ne. Mun yi makonni muna fama da Lich King, babban dodon babin lokacin, a 2010, kullum sai ya karkashe mu. Shugabanmu ɗan Suwidin ne, ba Musulmi ba, amma ya haddace lokacin isha'in Alƙahira. In lokaci ya yi shi da kansa yake cewa a tsaya, mai maganinmu zai yi salla. Mutum 24 daga ƙasashe daban-daban su zauna suna hira har in idar. Daren da muka kashe shi, wani ɗan Turkiyya a cikinmu kuka ya yi a makirfon. Shi ne kuma da na dawo gida a 2014 ba aikin yi, ya biya mini wata uku ba tare da na roƙe shi ba, ya ce ba za su nemi wani mai magani ba.

To a ƙarshen 2009 aka kawo wani maɓalli. Ka danna, na'ura ta haɗa ka da mutum huɗu daga wasu sabobi (wato wasu rukunan 'yan wasa daban da naku), ta ɗauke ka ta ajiye a cikin kogon dodanni, ku gama, kowa ya kama gabansa. A ƙarshen 2011 aka yi wa babbar gayyar ma irinsa. Ba sallama, ba godiya, ba za ka sake ganinsu ba har abada. A da in ka yi rashin mutunci a sabarku sunanka ya ɓaci, ba mai sake gayyatarka. In ka yi kirki kuma a san ka. Maɓallin nan ya kashe wannan.

Kawu Hedimasta:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, ko da yake ni ban san wasan nan ba, kuma da farko na yi niyyar in yi muku faɗan ɓata lokaci. Maganar tsayawa salla ta sa na fasa, Allah ya yi wa wannan bawan nasa shiriya.

Amma ɗana, tunda ka kira abin gayya, bari in gaya maka yadda ta gaske ta mutu, don a gabana aka yi. Muna samari, in za a yi wa mutum noma ko yaɓen ɗaki, goro ake rabawa, a tashi da asuba, mai gona ya dama fura, makaɗi yana biye da mu. Daɗi kam akwai. Sai dai abin da masu kewarta ba sa faɗa shi ne gayya bashi ce. Wanda ya zo maka yau, ranar tasa dole ka je, ko gonarka tana neman hannu, ko jikinka ba daɗi. Da kuɗi suka shigo, aka samu 'yan ƙwadago da garmar shanu da tarakta, mutane da kansu suka zaɓi su biya su huta da bashin. Ba wanda ya hana gayya. Mu muka sake ta.

Shi ya sa nake tambaya: maɓallin nan da kake zargi, dole aka yi muku ku danna shi?

Ɗan Haɗeja:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda nake so. Ba dole. 'Yan wasan ne ma suka yi ta kuka kafin a kawo shi. Malam shi mai magani ne, kowa nemansa yake, bai san wahalar da mu masu sara muka sha ba. Sai ka tsaya a birni awa guda kana shela kana neman mai garkuwa, ka samu, ku yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa bakin kogo, sai ɗaya ya ce an kira shi cin abinci. Dare ya tafi a banza. Mai aiki da iyali ba zai iya wannan ba.

Malamin Lissafi:
Kawu, ba dole aka yi mana ba, kuma ni ma na danna, sau da yawa. Amma akwai bambanci da noma. Wanda ya sa tarakta ya rasa kiɗa da fura, amma gero ya shiga rumbu, kuma geron yake nema tun farko. A wasan nan babu gero. Takobin da ka samu zane ne a allo. Abin da kake biya wa dala 15 mutanen ne. In aka sauƙaƙa maka hanyar samun takobi ba tare da mutane ba, an ba ka buhu an zubar da abin da ke ciki.

Anti Nas:
Ƙanena, na ji ka, kuma labarin ɗan Turkiyyan ya taɓa ni. Amma duk kun manta da mu. Gayyar nan da kake yabo, awa nawa take ci? Na tuna lokacin da ka dawo kana zaune a gidan Baba, dare uku a mako ba a ganinka daga isha'i har sha biyu. A lokacin ba ka da mata. Yanzu kana da 'ya'ya uku, ga makaranta da safe, ga gona da yamma. Ko ba su kawo maɓalli ba, za ka iya? Wanda ya fara yana ɗan shekara 20 a 2005 yanzu ya kai 40. Ɗan Suwidin ɗin ma wataƙila yana can yana goyon jariri. Sunayen da ka gani ba haske, ni ban ga mutanen da aka kora ba, na ga mutanen da suka girma.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan. Ina ganinsu a bakin asibiti da daddare suna neman inda netwok ya fi ƙarfi, wasu ba su kai sha biyar ba.

Auta:
Anti, mu ma fa muna da zumunci. Mu huɗu ne a tawagarmu, ni da abokaina biyu na nan da wani yaro ɗan Gumel da muka haɗu da shi a ciki. Da babansa ya rasu mun hau mota mun je ta'aziyya. Yaya yana magana kamar a wasansu kaɗai ake sanin mutane.

Malamin Lissafi:
A'a Auta, ban raina naku ba, kuma zuwa Gumel ɗin nan da kuka yi ya fi duk abin da na faɗa. Allah ya jiƙan mahaifinsa. Amma ka lura, ku huɗu ne kullum, ba na'ura ke zaɓo muku baƙi ba. Abin da nake faɗa ke nan.

Anti, maganarki gaskiya ce, ba zan iya dare uku ba yanzu. Sai dai kowane gari manyansa suna tsufa. Abin da ke riƙe shi shi ne yara su taso su maye gurbi. Yaro sabon shiga yau zai tarar da labarin shekara 20 da bai san farkonsa ba, tsofaffin 'yan wasa suna gudu ba mai tsayawa ya nuna masa hanya, in ya yi kuskure a kogo a kaɗa ƙuri'a a fitar da shi. Ni ɗan Sudan ya zauna da ni mako guda yana koya mini. Wa zai zauna da Auta?

Mai Caji:
Kafin a kai ga mai koya masa, Malam, ina zai sa shi? Wasan da ke neman fili sama da gigabait 100 a kwamfuta. Kai da kanka sai da ka je Dutse.

Kuma Auta, kar ka cika cewa kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A wajena kuke tura kuɗin sayen daimon, kuɗin cikin Free Fire, don riga da fentin bindiga. Akwai yaron da na ƙi tura masa, don na san kuɗin awon gidansu ne. Gara ma na Malam, ka san abin da za ka biya a wata, ba ƙari.

Ɗan Haɗeja:
To ai wannan ne babban abin da ya faru, ba maɓalli ba. A 2004 in kana son shiga duniya irin wannan, biyan wata shi ne hanya, kuma abokan hamayyarsa kaɗan ne. Daga baya League of Legends ya zo a 2009 kyauta, Fortnite a 2017, PUBG na waya a 2018. Star Wars: The Old Republic ya fito a ƙarshen 2011 da tsarin biyan wata, bai cika shekara ba ya buɗe ƙofar kyauta. Hira da abokai kuma, da a cikin wasan ake yi, yanzu ga manhajojin hira irin su WhatsApp da Discord. Blizzard ma ta ga haka, shi ya sa a 2015 ta kawo WoW Token, wanda za ka saya da zinaren cikin wasa ka samu kwana 30.

Kuma kar a ɗauka ya mutu. Tun 2015 duk adadin da kuka gani yana yawo hasashe ne. A Sin an rufe shi a watan Janairu 2023 da yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase na Sin ta ƙare, aka sake buɗewa a watan Agusta 2024. Microsoft kuma ta sayi uwar kamfanin a 2023 kan kusan dala biliyan 69. Wasan da ya shekara 20 ana biyansa duk wata, ko rabin jama'arsa sun tafi, ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin Lissafi:
To abokina, ka bayyana mini Classic. A watan Agusta 2019 suka dawo da wasan yadda yake a farko, da wahalarsa, ba maɓalli, tafiya a ƙafa har ka gaji. Mutane suka yi dafifi, ana jiran awoyi kafin a shiga. Har layi 'yan wasa suka riƙa yi a ciki, ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya samu kashe dodon da ake nema. Kamfanin ya ce bai taɓa samun ƙaruwar masu biya cikin wata uku irin ta lokacin ba. In sauƙi mutane suke so, me ya kai su can?

Ɗan Haɗeja:
Kewa ta kai su, kuma da yawa sun ɗanɗana sun koma. Ga ƙarshen labarin da ba ka faɗa ba: da Classic ya iso babin Lich King a 2022, kamfanin ya ce ba zai sa maɓallin ba, saboda irin hujjarka. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2023 ya sa shi. Mutanen da suka gudo daga sauƙi su suka sake neman sa.

Malamin Lissafi:
Wannan kam na sani, kuma ya yi mini ciwo. Ba ni da amsar da ta wuce ta Kawu, mu muke sakin abin da hannunmu. Amma har yanzu ban yarda cewa don mun nema ya zama alheri gare mu ba. Ɗalibaina kullum suna roƙon in ba su amsa ba tare da aiki ba. Da zan biye musu za su yi murna, kuma ajin zai mutu.

Kawu Hedimasta:
Nan kam na tsaya tare da kai, malami ya san wannan. Amma ɗana, tun ɗazu kana ta lissafin miliyoyi, ni kuwa mutum biyu na ji ka ambata da zuciya ɗaya, na Suwidin da na Turkiyya. Ka neme su kuwa? Zumunci a ƙafa yake. Wanda ya biya maka wata uku kana zaune ba aiki, bai kamata sai ta cikin wasa za ka san halin da yake ciki ba. An yi girgizar ƙasa a ƙasarsu a 2023, ka tambayi lafiyarsa?

Malamin Lissafi:
Kawu, ban tambaya ba. Wallahi sai da ka faɗa jikina ya yi sanyi. Ina da tsohon imel ɗinsa, yanzu zan rubuta masa kafin in kwanta. A Izmir yake lokacin, nesa da inda abin ya faru, amma ban san inda rayuwa ta kai shi ba.

Anti Nas:
Allah ya sa ka same shi lafiya. In ya amsa ka gaya mana.

Auta:
Yaya, ni dai ina son in ga Dalaran ɗin nan da idona. An ce ana iya gwadawa kyauta har mataki na 20, gaskiya ne?

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne. Ka zo in buɗe maka naka, ni zan zauna da kai. Amma mai magani za ka zama, mun fi ƙaranci.

Mai Caji:
Ku zo shagona ranar Litinin, kasuwa ta tashi, ba cinkoso. Bayan la'asar batir ya fi cika, kuma ta bayan shagon wajen bishiyar darbejiya netwok ya fi kamawa. Malam, ka taho da cajarka, tawa ba ta shiga laftof ɗinka.